Hannun Daman Jelani

Tun ranar da babur ya kayar da Jelani a hanyar Goronyo, yana ɗauke da albasa daga gonarsa ta bakin madatsar ruwa, yatsun hannunsa na dama suka daina yi masa biyayya. Kafaɗa tana ɗagawa, gwiwar hannu tana ɗan lanƙwasuwa, amma yatsun sai su kwanta a cinyarsa kamar ganyen da aka tsinke tun safe.

A gidansu na Wurno maza ba sa cin abinci a ɗaki. A zaure ake shimfiɗa tabarma, a ajiye kwano ɗaya, mahaifinsu Malam Siddiƙu ya fara sa hannu, 'ya'yansa su bi. Jelani ya daina fita. Malam ya sha aiko masa cewa mai larura ba shi da laifi in ya ci da hagu. Jelani ya sani, ai a gabansa ya yi karatu. Amma ya faɗa wa matarsa Uwaliya cewa shi ba zai tsoma hagu a kwanon da tsohonsa ke ci ba. A ɗaki ma ɗan taɓawa yake yi ya ture. Uwaliya tana kallo wuyan rigarsa yana ƙara yi masa faɗi, ta fita bakin murhu ta yi kukanta, ta ɗora wa hayaƙi laifi.

Magdalene, ma'aikaciyar gashin ƙashi 'yar Zonkwa da ke zuwa motsa masa hannu, ita ta nuna mata wani shafin Hausa a waya. Ta ce shafin ba na mutum ɗaya ba ne. Duk wanda ya san wani abu game da naƙasa da jinya yana iya shiga ya rubuta, wani ya zo ya gyara masa. Suka buɗe sashen mutuwar hannu. Shawarar da ke ciki gajera ce: a koya wa majinyaci ci da ɗaya hannun.

"Wanda yar rubuta wanga bai taɓa cin tuwo a zaure ba," in ji Uwaliya.

"To ki gaya masa mana, amarya. Ga wurin tattaunawa nan ƙasa."

Uwaliya ta daɗe tana juya maganar. Fitar da sirrin ɗaki ga mutanen da ba ta sani ba ya yi mata nauyi. Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa. A ƙarshe ta bar sunansa da na garinsu, ta ce kawai tana da wani wanda take ƙauna, yatsunsa ba sa riƙo, kuma ya fi son yunwa da ci da hagu a gaban manya.

Amsar farko ta maimaita mata hukuncin da surukinta ya riga ya faɗa. Ta yi godiya, zuciyarta a sanyaye. Bayan 'yan kwanaki sai ga wata Larai daga Rabah ta saka hoto: tafin hannun wata tsohuwa, an zagaye shi da madaurin fata mai ɗan aljihu, an soke ƙotar cokali a ciki. Ta ce haka mahaifiyarta ke ci. Wani Ephraim daga Jos ya ƙara cewa a lanƙwasa wuyan cokalin ya kalli baki, don kada sai an juya tsintsiyar hannu. Magdalene ta shiga da nata gargaɗin: kada a matse, hannun da ba ya ji ba zai yi ƙorafi ba in fata ta gurje, a riƙa dubawa bayan kowane ci. Uwaliya tana zaune tana ganin layi ɗaya ya zama sakin layi, mutanen da ba su san fuskar mijinta ba suna wahala a kan lomarsa.

Baduku a kasuwa ya ɗinka mata madaurin da jar fatar akuya. Da ta kawo, Jelani ya kalle shi ya kau da kai.

"Mi za ki ɗaura min? Ni bunsuru na?"

"Haba maigida, bunsuru ai ya hi ka cin abinci."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Ta durƙusa ta ɗaura masa a hankali, ta zura yatsarta ƙarƙashin fatar ta ji ko ya matse, ta ɗan jima ba ta cire ba. Lomar farko a ƙirjinsa ta sauka, miyar kuka ta gangaro har cinya. Ta biyu ta tsaya a haɓa. Suka yi ta dariya kamar yara. Shi da kansa ya gano cewa in ya tallafi gwiwar hannun da tafin hagu, cokalin na isa baki ba rawa. Uwaliya ta rubuta wannan a shafin, ta haɗa da cewa a sassauta tuƙin tuwo.

Ranar da ya ce zai fita zaure, ta wanke masa farar riga, ta bi shi har bayan katanga ta tsaya. Ta ji sallamarsa. Ta ji hira ta yanke. Shirun ya yi tsawo har ta fara addu'a a ranta kada wani ya yi masa kallon tausayi, don ta san ba zai sake fita ba.

Sai muryar Malam Siddiƙu, tsohon da bai taɓa kai cokali ga tuwo ba: "Mode, shiga ciki a ba mu cokula. Yau duk da su za mu ci."

Mode, ƙanen Jelani, ya shigo ya tarar da ita tana share ido da gefen mayafi. Ya karɓi cokulan a hannunta ya koma.

Ta ci gaba da tsayuwa tana jin ƙarar ƙarfe a jikin kwano. Can sai ta ji Mode yana kai ƙara wurin Malam, wai Yaya Jelani ya janye masa naman da ke gabansa.