Injin da Aka Ɗaura a Haƙarƙari

Ndakotsu masunci ya sayi sabon injin kwalekwale ya kai bakin dam ɗin Tagwai. Taubashinsa Sheshi ne ya jawo. Kullum sai ya riga shi isa wurin kamu, ya kuma dawo ya yi masa dariya a gaban jama'a.

Abdulwasiu, makanike daga Kpakungu, ya zo ɗaura injin. Ya zagaya kwalekwalen ya tsaya.

"Baba, wannan jirgi gaba tsini, baya tsini. Inji ba wurin zama. Sai mu yanke wutsiya mu sa katako."

"Wutsiyar da ubana ya sassaƙa? Yanke taka."

"To ina za a sa shi?"

Ndakotsu ya buga haƙarƙarin jirgin da sanda. "Nan."

"Baba, ba a yi haka."

"Kai ka haife ni?"

Abdulwasiu ya ɗaure injin a gefen dama, ya matse ƙusoshi, ya ja da baya sosai. Ndakotsu ya ɗauki filafilinsa ya miƙa wa wata mai suyar kifi, ya ce ta ƙara a wuta, shi ya gama tuƙi da hannu. Ya shiga, ya ja igiya.

Inji ya yi ruri. Jirgi ya zabura, ya karkata hagu, ya ci gaba da karkata. Ndakotsu ya ga bakin ruwa, ya ga duwatsu, ya sake ganin bakin ruwa. Duk sanda ya juyo sai ya ɗaga wa jama'a hannu fuska a murtuke, wai gwaji yake. Hularsa ta faɗa ruwa. Ya yi ta wuce ta, ko kallonta bai yi ba.

Haka ya yi ta kewaya har mai ya ƙare. Jirgi ya tsaya nesa da gaɓa. Kansa kuwa bai tsaya ba.

Can sai ga Sheshi yana tuƙowa a hankali, jirginsa cike da tarwaɗa. Ya tsamo hular ya matse.

"Sannu da hanya, mai inji. Ya mutanen can?"

Ndakotsu ya kau da kai. Sheshi ya ɗago wani filafili.

"Ga filafili, ka kai kanka gida. Abu ɗaya kawai za ka faɗa a gaban mutane: hannun Sheshi ya fi inji."

Rana ta take, ba ko iska. Ndakotsu ya dubi gaɓa, ya dubi filafilin, ya harɗe hannuwa.

"Ba zan faɗa ba."