Tebur Mai Ɗingishi

Teburin ya sake karkacewa, shayi ya fantsamo mata a hannun riga. Anti Shiru ta yi tsaki a zuci. Ɗaliban injiniya ne suka laƙaba mata wannan suna, don rabin aikinta a laburaren tsangayarsu jera littattafai ne, rabin kuma ɗora yatsa a leɓe. Yau ga ta a taron masu kula da laburaren injiniya, inda aka ce babban aikin shi ne sanin mutane.

Ba son taro ne ya kawo ta ba. Shugaban tsangaya yana duba wata tsohuwar gada da ta fara tsagewa, yana neman littafin ƙa'idojin kankare, kuma ba sabon bugu ba, tsohon da aka yi aiki da shi lokacin da aka gina gadar. Ta birkice kantoci kaf, babu. Shi kuma ya faɗa mata yana yaƙe cewa in laburare ya kasa samo littafi ɗaya kafin ƙarshen mako, gara a raba ɗakin a yi ofisoshi. Maganar ta tsaya mata a rai, don tana son ɗakin nan har warin tsofaffin takardunsa.

Da safe maigidanta ya yi mata huɗuba yana ɗaura agogo. "Maman yara, ki nufi manya kai tsaye. Kuma don Allah ki buɗe baki, can ba a hana surutu."

Mutumin da ke gefenta kam ba ya buƙatar wannan huɗuba. Daga wata ƙaramar kwalejin fasaha ya zo, kuma tun da aka zauna bakinsa bai huta ba. A ranta ta sa masa suna Rediyo.

"Malama, ga katina. Ƙanena ya buga, shi ya sa hoton ya fi ni kyau. Kin san damuwata? Shugabarmu ta ce ɗakin baya ya koma na kwamfuta. Tarkacen ciki kuwa ya girme ni, mu ba a taɓa zubar da ko takarda ba. Gobe da safe masu sayen tsohuwar takarda za su zo su kwashe."

"Allah sarki," in ji ta, idonta na kan babbar baƙuwa, shugabar laburaren wata babbar jami'a, wadda ta gama jawabi kan mayar da komai intanet. Da Rediyo ya juya gaisawa da wani, ta ninke katinsa huɗu, ta sunkuya ta cusa ƙarƙashin ƙafar teburin. Teburin ya tsaya cak.

Sai bayan la'asar layi ya zo kanta. Babbar baƙuwa ta saurare ta da fara'a, har da dafa kafaɗa.

"Tsohon bugu? Ayya, ƙanwata. Mu da sabo ya fito muke fitar da tsoho, kada ɗalibi ya yi lissafi da ƙa'idar da aka soke. Ai haka aka koya mana duka. Sai dai ki gwada irin wuraren nan da ba sa zubar da komai."

Anti Shiru ta yi godiya, ta yi taku biyu, ta ƙame. Ta waiga. Kujerar Rediyo wayam, an ce ya tafi ya kama motar yamma. Ba ta san sunansa ba, ba ta san kwalejinsa ba, ya faɗa kuwa, ita ce ba ta ji ba. Kunya ta rufe ta.

Ma'aikatan zauren sun riga sun yaye mayafan tebura, duk sun koma iri ɗaya. Ta bi teburan ɗaya bayan ɗaya tana dannawa da tafin hannu. Wannan ya girgiza, ta wuce. Wancan ma haka. Ashe duk zauren ɗingishi yake. Can kusa da taga ta danna wani, ko motsi bai yi ba. Ta durƙusa da kayanta na fita kunya, ta ɗaga ƙafar, ta zaro katin. Ya lotsa a tsakiya, daidai fuskarsa, amma lambar na nan.

Ta kira lambar a waya, bugu ɗaya ya ɗauka, ƙarar mota na tashi a bayansa. Ta yi bayani tana in-ina.

"Mai koren bango, mai kauri? Akwai shi mana! Kuma shi masu takarda ba za su taɓa shi ba, don shi ke tokare da ƙafar teburina."

Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda da a laburarenta ne sai ta kori mai ita.

"Malam, ka yi haƙuri, katinka ne ma na..."

"Ai na gani, Malama. Tun lokacin na ce wannan 'yar gida ce. To bari in ba ki labarin yadda littafin ya shiga can."

Ta ja kujera ta zauna, ta tokare teburin da gwiwa.

"Ina jin ka," in ji ta. "Faro daga farko."