Tulun da Suruki Ya Kawo Daga Matara

A unguwarmu da ke birnin Cuttack babu wanda bai taɓa shan laccar Trilochan Parida, wanda muke kira Mausa, wato kawu, a kan tsibirin Lanka ba. Tsohon malamin tarihi ne, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Kullum da safe yana shagon shayin Bhikari yana koyar da duk wanda ya zauna kusa.

"Kakanninmu ne suka tashi a jiragen ruwa daga kogin Mahanadi suka sauka can," in ji shi. "Harshensu Sinhala ɗan harshenmu Odia ne, nisa da gida kawai ya yi. Ku dubi rubutunsu, zagaye-zagaye kamar namu. Mu ce bhata, su ce bat, duk dafaffiyar shinkafa."

"Mausa, ka taɓa zuwa can?" Bhikari kan tambaya don tsokana.

"Sai na je zan sani? Zuba min shayi."

Da ɗansa Debasis, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwan Colombo, ya auro wata 'yar garin Matara, can Lanka, mai suna Nilmini, tsohon ya ɗauka hujjarsa ce ta shigo gida da ƙafarta. Debasis ya koma bakin aiki, ita ta zauna da iyayensa. Da ta fara jin Odia, Mausa ya riƙa cewa, "Ba koyo ta yi ba, tunawa ta yi. A jininta yake." Mu da katanga ɗaya ta raba mu mun san ba haka ba ne. Matata ce ta koya mata sunayen kayan miya ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa ta tarar da ita a kicin idanu jawur.

Lokacin bikin Bali Jatra mahaifinta Gunadasa ya zo ganinta. Dattijo ne siriri mai yawan murmushi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Mausa ya gayyaci rabin unguwa cin abincin rana, aka dafa miyar dalma, aka sayo kayan zaƙin chhena poda. Ya ce yau za mu ga 'yan'uwa biyu suna hira babu tafinta.

Ya zaunar da baƙon kusa da shi, ya shiga yi masa Odia a hankali, da ƙarfi, kamar mai magana da kurma. Gunadasa yana murmushi yana kaɗa kai, yana satar kallon 'yarsa. Da ta matso za ta fassara, Mausa ya ɗaga mata hannu.

"Koma ki zauna, Bohu. Ni da Samudi muna fahimtar juna." A wurinmu Bohu matar ɗa ce, Samudi kuma mahaifinta.

Sai baƙon ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan tulun ƙasa da aka rufe bakinsa da busasshen ganye. Ya miƙa da hannu biyu, ya ce wata kalma da ta faɗo a kunnenmu kamar "pani". A wurinmu pani ruwa ne.

Fuskar Mausa ta washe. "Kun ji ko? Pani. Kalma ɗaya, harshe ɗaya. Ruwa mai tsarki ya ɗebo mana daga kogin ƙasarsu."

"Bapa, ba..." in ji Nilmini, don haka take kiransa, wato baba.

"Na ce ki zauna."

Ya miƙe, ya cire ganyen, ya rufe ido, ya ɗaga tulun bisa kansa ya karkata, yadda ake yi da ruwan kogin Ganga mai tsarki. Abin da ya zubo baƙi ne mai danƙo. Ya bi furfurarsa, ya sauko ta gira da bayan kunne, ya shiga farar rigarsa. Ƙamshin maɗi ya cika tsakar gida. A harshensu, ashe, wannan kalmar maɗin bishiyar kitul take nufi, wanda suke zubawa a kan kindirmo.

Mun yi ƙoƙarin daurewa, amma Bhikari ya fara, sauran suka bi. Gunadasa bai yi dariya ba. Ya tashi a ruɗe yana goge kafaɗar surukinsa da hankicinsa, yana ta maimaita wata magana. Nilmini ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Haƙuri yake ba ka, Bapa. Yana ganin shi ya kunyata ka."

Mausa ya shige ɗaki, bai fito ba har muka watse.

Washegari na leƙa don in gaishe shi. Na same su a baranda, shi da baƙon, Nilmini a tsakaninsu, wannan karon tana fassara. Mausa ya kasa ɗaga ido. Gunadasa ya yi ta neman abin da zai saki ransa. Ya taɓa kunnensa ya ce "kana", Mausa ya gyaɗa kai, don mu ma haka muke cewa. Ya nuna hannu ya ce "ata", Mausa ya ce "hata" a ciki-ciki. Har Mausa ya ɗan fara sakewa.

Sai Gunadasa ya yi wata tambaya, Nilmini ta tsallake fassarar. Mausa ya ce ta faɗa.

"Cewa ya yi ya ji daɗi da na faɗo gidan da ake ƙaunar harshenmu. Yana tambaya waɗanne kalmomi na koya maka."

Dattijon da zuciya ɗaya ya yi tambayar, yana jiran amsa da murmushinsa. Shekara da shekaru Mausa yana ba da labarin wannan harshe a shagon shayi, mai harshen tana gidansa tana dafa masa abinci, bai taɓa tambayar ta ko yadda ake gaisuwa ba. Nilmini ta juya ta ce wa mahaifinta wani abu, dattijon ya yi dariyar jin daɗi.

"Me kika gaya masa?"

"Na ce kana koyo, sai dai kana jin nauyin faɗa a gaban mutane."

Na ga kunyar da ta kama Mausa ta fi ta jiya. Na sulale na fita ba tare da sallama ba.

Mausa ya daɗe bai zo shagon Bhikari ba. Da ya dawo, ya zauna a ƙarshen benci, ya sha tsokanar da aka tanadar masa. Ba mu sake jin laccar Lanka ba, har wasu suka fara kewarta. Matata ta ce da rana yakan jawo kujera bakin kicin ya zauna, yana tambayar Nilmini sunan albasa da na gishiri, yana faɗa ba daidai ba. Da farko ba ta iya gyara masa don kunya. Daga baya ta fara.