Iyakar Ɗari Biyu da Hamsin

Tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina a shagon buga takardu, nan Talata Mafara, ba ta da wani amfani duk mako sai ranar Asabar. Ana sallame La'asar nake kunna ta, in buɗe baƙin allon nan da ba ya nuna komai sai rubutu, in buga layi guda. Wannan layin shi ke tayar da saba, wato injin da ke haɗa mu mu shida a wasan tseren motoci, kowa daga inda yake.

Layin ba shi da tsawo. Bayan sunan shirin sai umarni su biyo a jere, kowanne da ɗan karan ɗori a gabansa: ƙofar da za a shigo ta cikinta, kalmar sirri, filin tseren, yawan 'yan wasa. Abin da ka rubuta a nan shi ne doka har a tashi. Saba ba ta jin roƙo, ba ta san babba ba, kuma ina jin abin da ya sa nake son ta ke nan, ni da ban iya ce wa mutum a'a ba.

Mu shidan tare muka yi karatun kwamfuta, muka watse. Uku muna nan Mafara, ɗaya yana Ruwan Gizo. Jibo malamin gona ne a Bakura, mutum mai baki kamar rediyo. Sai Hayatu, wanda ya koma Damaga ta ƙasar Maradun yana koyarwa a firamare yana duba shanun mahaifinsa. Tun da tafiya ta zama sai da dalili mai ƙarfi, wannan wasan ya zame mana zaure. Rabin lokacin ma gaisuwa ce da tsokana, motoci na tsaye.

Matsalar Hayatu sabis ce. Sai ya hau wani tudu bayan makarantarsu kafin ya samu, shi ma da ƙyar. Akwai lambar da saba ke nunawa kusa da sunan kowa, mai auna jinkirin saƙo tsakaninta da shi. Tamu ba ta kai ɗari da hamsin. Ta Hayatu ba ta taɓa sauka ƙasa da ɗari huɗu ba. Motarsa sai ta daskare a tsakiyar hanya, ta ɓace, ta ɓullo a gabanka daidai kan kwana. Mu dai dariya muke yi. Amma wata Asabar motar tasa ta tare Jibo yana gab da cin tsere, kashegari kuwa sai ga kiransa.

"Ishaq, wanga abu ya isa haka nan," in ji shi. "Kai ad da injin. Ka hwaɗa mai shi nemi wani tudun."

"Kai mi ya hana ka hwaɗa mai?"

"Ni? Ina ni ina hwaɗa ma Hayatu haka? Mutumin da ko ruwa ba ya sha gaban mutane don kunya?"

To ni ma ina ni ina faɗa? A wajenmu ba a ce wa baƙo ya tashi. Ana dai duba agogo, a yi hamma, a ce ashe rana ta yi. Sai na nemo hamma irin ta inji. A cikin jerin umarnin da ban taɓa amfani da su ba akwai wanda ke sa iyaka ga jinkiri: duk wanda lambarsa ta wuce iyakar, saba ta fitar da shi da kanta. Asabar ta zagayo, na ƙara abu kaɗan a ƙarshen layin:

-maxping 250

Na zaɓi lambar da za ta bar mu biyar ta tsame shi kaɗai, kuma na san abin da nake yi. Na dai lallashi kaina da cewa zai ɗauka sabis ne, babu wanda zai ji kunya.

Ranar sunansa ya bayyana a allon, ya ɗan tsaya, ya ɓace. Ya sake bayyana, ya ɓace. Sau uku, sai shiru. Asabar ta biyu ma haka, ta uku ma haka, kullum sau uku ba ƙari. Ta huɗu bai zo ba. Wasa ya tafi sumul, Jibo ya ci tsere biyu, babu wanda ya ambaci Hayatu sai wani da ya ce, "Allah sarki, sabis ɗin Damaga," muka amsa da Allah ya kyauta.

Matata Nazifa ce ta ɓata mini lissafi, ba da niyya ba. Ta kawo mini fura shago, ta leƙa allon ta ga sunaye biyar, ta tambayi ina malamin Damaga. Na ce sabis ya hana shi. Da yake ita ba a rufe mata magana da rabi, sai da na nuna mata layin na yi bayani, har da ɗan alfahari.

"To shi in an hid da shi, mi yaka gani a nashi allon?" ta ce.

Ban taɓa tunanin wannan ba. Bayan ta tafi na sake tayar da saba, na mai da iyakar ƙasa sosai don ta kore ni, na shiga da wayata. Ta kore ni kuwa, ta rubuto dalili ɓaro-ɓaro: jinkirinka ya wuce iyakar da mai saba ya sa. Har da lambar. Hayatu kuma shi ne ya fi mu duka maki a darasin saba lokacin da muke karatu. Babu yadda za a yi ya kasa sanin cewa wannan iyaka ba ta sa kanta, hannu ne ke buga ta. Kunya ta rufe ni ni kaɗai a shago, na ji kamar in shige ƙarƙashin teburin.

Asabar ta gaba na goge umarnin tun kafin La'asar, na kira shi. Sai a kira na biyar ta shiga, ina jin iska tana kaɗa wayarsa. Muka gaisa yadda ya kamata: gida, iyali, Baba, shanu, damina, ɗalibai. Bai rage ko ɗaya ba, muryarsa kuma ba ta canza ba, abin da ya fi damuna ke nan.

"Hayatu, na gyara injin," na ce. "Yau ka shigo, ba abin da za ya hid da kai."

Sai ya ce:

"Ishaq, an koya muna sallama uku ce a ƙohwar gida. In ba a amsa ba, mutum shi juya. Ni Asabar uku na yi, don ina cewa halan kuskure ne."

"Kuskure na ne. Jibo ne ya..."

"Bar Jibo. Ai gaskiya gare shi, ni kaina na san ina jan ku baya. Da kiran nan da ka yi yanzu ka yi tun hwarko, ka ce Hayatu yi haƙuri, wallahi ni za ni hwara dariya. In hau tudun nan mu gaisa, in bar ku ku yi tserenku. Ni dama ba don motar nika zuwa ba." Ya ɗan numfasa. "Amma sai ka aiko inji shi hwaɗa mani."

Ya ce shanu sun dawo, in gai da Nazifa, ya yi mini sallama cikin ladabi.

Bayan La'asar na buga layin kamar yadda yake a da, babu iyaka, gurbi shida. Biyar suka cika. Na ce a ɗan jira, aka jira har Jibo ya gaji da surutu ya yi shiru. Daga baya na saki tseren. Motoci biyar suka tashi, babu wadda ta daskare, babu wadda ta tare wa wata hanya. Na kai kwana ta farko na tsayar da tawa a gefe, na bar su suka wuce.