Falmaran Arba'in, Awo Ɗaya

Malamar ƙididdiga ce, amma a kwalejin babu mai kiranta da haka. Malama Kashi-Nawa ɗalibai suka laƙaba mata, domin ba ka isa ka ce "mutane da yawa" a gabanta ba tare da ta tare ka da "kashi nawa cikin ɗari?" ba. Ranar Talatar nan kuwa da rawa ta hau matakalar tsangaya, jaka a wannan kafaɗa, igiyar majigi a waccan, tana gaida kowa har da wanda ta riga ta gaisar a ƙasa.

Dole ta yi rawa. Shekara biyu tana fama da kwamitin manhaja a kan kwas guda da ta tsara wa 'yan shekarar farko na kowane sashe. Ba lissafin nan mai sa yara zazzaɓi ba ne. So take ɗalibi ya ji an ce a rediyo haɗarin cuta ya ninka, ya tambaya daga nawa zuwa nawa. Ya ga zanen alƙaluma a jarida ya gane inda aka yi masa wayo. 'Yan sashen lissafi suka ce ta mayar da ilimi wasan yara, 'yan sashen harsuna suka ce yaransu lissafi suka gudo, don me za a bi su da shi har gida? Haka ta yi ta gyara, ta cire nan ta ƙara can, har takardar ta fi kowa sanin hanyar ɗakin taro.

Babban dutsen kuwa shi ne shugaban kwamitin, wani dattijon farfesan tarihi mai faɗin ƙirji da tumbi, wanda ko lambar wayarsa sai ya duba. A 'yan shekarun nan ya koma wani iri. Kome aka kawo masa na gaba sai ya ce, "Ku da za ku gani." Littattafan ofishinsa ma rabar da su yake yi, kwali-kwali, kowa ya ɗauka ritaya yake shiryawa. A zaman ƙarshe ya gaji da nacinta ya ce, "To 'yata, darasi guda za ki yi a gabanmu, da ɗalibai arba'in na tarihi da harsuna da aikin jarida. In suka yi hamma, ko ni na yi, mun rufe maganar nan har abada."

Shi ya sa ta shirya kamar mai aurar da 'ya. Har falmaran ta sa a ɗinka wa ɗaliban, shuɗiya, mai maɓalli, an buga sunan kwas ɗin a baya, wai don su ji su 'yan gida ɗaya ne. Abokin aikinta, wani matashin malamin lissafi da ake kira Malam Alli saboda ba a taɓa ganin wandonsa babu farin alli ba, shi ta ɗora wa aikin auna ɗaliban da kai wa tela awon. Shi ma ya samu rabonsa na littattafan Farfesa, kwali biyu, ya tura su ƙarƙashin tebur yana ɗora ƙafa.

"Malam Alli, kayan sun iso?"

"Sun iso, Malama. Kuma na sauƙaƙa wa tela aiki, sai godiya yake yi."

Da ma a nan ya kamata gabanta ya faɗi. Ina! Murna ta toshe mata kunne, ta ce Allah ya yi albarka, ta wuce haɗa majigi.

Ɗakin laccar ya cika. 'Yan kwamiti suka jeru a kujerun gaba, Farfesa a tsakiya, ya harɗe hannu a kan tumbi, ido rabi a rufe, da gani ya zo da hammarsa a aljihu. Aka buɗe buhu aka fara rabon falmaran.

Na farko da ya saka wani dogon ɗalibin tarihi ne, irin wanda sai ya sunkuya zai shiga ƙofa. Falmaran ta tsaya masa a saman cibiya. Wata 'yar siririya daga sashen harsuna ta zura tata, sai ga ta har gwiwa, kafaɗun sun zubo mata a damtse. Wani ƙaton ɗan aikin jarida ya ja numfashi ya matse, ya ɗaura maɓalli da ƙyar, yana sakin numfashin maɓallin ya yi tsalle ya daki allo, ƙwas! Ɗakin ya ɗauki dariya gaba ɗaya.

Malama Kashi-Nawa ta jawo Malam Alli gefe.

"Me ka kai wa telan nan?"

"Matsakaici mana," in ji shi, ko a jikinsa. "Na haɗa awon ƙirjinsu duka na raba arba'in, na haɗa tsawo na raba arba'in. Lamba biyu kawai na ba shi. Ai lissafin daidai ne, sau uku na duba."

Wayyo Allah. Mutum mai digiri biyu a lissafi! Ta dube shi, ta dubi dogon nan da ke ƙoƙarin jan falmaran ƙasa, ta dubi Farfesa. Ta so ta yi kuka, wallahi ta so, amma dariya ce ta riga kukan fitowa, ta kama ta har sai da ta dafa tebur. Tana cikin dariyar nan abin ya faɗo mata. Ta miƙa hannu ta kashe majigin da ta sha wahalar haɗawa.

"Kowa ya tashi! Wanda falmaran ta yi masa daidai, tsawo da faɗi, ya fito nan gaba."

Aka yi ta juye-juye ana duba juna. Mutum uku suka fito, ɗaya ma sai da 'yan baya suka yi masa ihu ya koma, wai ya tsuke ciki ne. Sauran biyun ma da aka duba da kyau, ɗaya ta ɗan yi masa tsawo, ɗaya ta ɗan yi masa faɗi.

"To Malam Alli ƙarya ya yi?"

"Ƙarya ya yi!" suka amsa da murna, don ɗalibi ba ya ƙin a kama malami.

"Bai yi ba. Lissafinsa daidai yake. To ina mai falmaran ɗin? Wa aka ɗinka wa?"

Sai 'yar siririyar nan ta ɗaga hannu daga cikin rigar da ta haɗiye ta, ta ce, "Malama, ai ba ya nan. Babu shi a ajin."

Malama ta yi tsalle, a gaban kwamiti fa, mace da girmanta. Ta sa su jeru a jikin bango daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Aka yi ta ture-ture da gardama, wannan ya ce ya fi wancan, wancan ya ce takalmi ne. Da layin ya daidaita sai kowa ya gani da idonsa: cunkoso a tsakiya, mutane jefi-jefi a gefe biyu, dogon nan can ƙarshe shi kaɗai yana ɗaga wa jama'a hannu. Ta ce duk ranar da aka ba su matsakaici, a jarida ne ko a asibiti, su tambayi layin: faɗinsa nawa, su wa ke bakinsa? Ɗan jaridar nan ya ce to ai haka aka yi musu da labarin matsakaicin makin makarantu, wata ta kawo na ruwan sama, kafin ka ce me hannu goma a sama. 'Yan sashen harsuna, waɗanda aka ce lissafi suka gudo, su aka kasa sa wa su yi shiru.

Ana cikin haka Farfesa ya miƙe. Ya ɗauki falmaran guda da ta yi saura, ta wani ɗalibi da bai zo ba, ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan da taimakon Malam Alli. Tsakanin maɓalli da raminsa akwai tafin hannu biyu. Ɗalibai suka yi ta tafi, shi kuwa ko murmushi bai yi ba, ya tsaya yana kallon layin nan na jikin bango. Malama ta ce a ranta shi ke nan, an mayar masa da kwaleji gidan wasa, ya samu dalili.

Da aka tashi kowa ya fita, ya rage sai su biyu da buhu. Har yanzu falmaran na jikinsa.

"'Yata, zo in tambaye ki."

"Ranka ya daɗe, wallahi kuskure ne, ba haka na tsara ba."

"Bar wannan." Ya zauna a kujerar ɗalibi, ta yi ƙara. "Shekara huɗu da suka wuce likita ya ce mini masu ciwo irin nawa, a matsakaici, shekara biyar suke yi. Ban gaya wa kowa a nan ba. Tun ranar nake zaune kamar mai jiran mota, kaya a ɗaure." Ya ja gefen falmaran biyu, suka ƙi haɗuwa. "Shekara biyar ɗin nan, irin wannan rigar ce?"

Idonta ya kawo ruwa. Tausayinsa ya kama ta, ta so ta ce masa zai yi shekara talatin, amma ba ta iya yi wa lamba ƙarya ba, ko don daɗin baki.

"Irinta ce, Baba. Ban san inda kake a layin ba, likitan ma bai sani ba. Akwai waɗanda ba su kai biyar ɗin ba, akwai waɗanda suka wuce ta nesa. Ka koma ka ce ya nuna maka layin gaba ɗaya, da masu shekarunka, da masu shan maganin da kake sha."

Sai ya yi wata dariya ƙasa-ƙasa wadda ta girgiza tumbin, ya share ido da gefen falmaran.

"Shekara huɗu, babu wanda ya koya mini in yi wannan tambayar. Farfesa guda!" Ya miƙe da ƙyar. "Ki kawo takardarki gobe in sa hannu. Kowane sashe zai yi kwas ɗin nan, har da nawa. Kuma ki ajiye mini kujera a gaba, ba ta wasa ba."

Ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"Ki kuma ce wa yaron nan mai alli ya dawo mini da littattafaina. Akwai waɗanda ban gama karantawa ba."