Allurar Gindin Randa

"Kwana nawa?" Atine ta tambaya, kwalbar allurar na hannunta.

Malam Gado ya sunkuyar da kai. "Huɗu."

"Huɗu! Ya Malam, kwana huɗu ba allura?"

Ko mayafi ba ta cire ba. Saukowarta ke nan daga motar garin Doka, inda ta je yankan riɗi, ta faɗo gidan maƙwabciyarta Ummusalama, wadda shekara shida Atine ke yi wa allurar ciwon suga safe da yamma. Kafin ta tafi sai da ta koya wa mijin, Malam Gado, ya gwada a jikin lemo har sau uku.

"Zazzaɓi ya kama ta, ko wainar kisra ba ta iya haɗiya," in ji shi. "Na ce allura a kan yunwa kayar da ita za ta yi. Da na ga tana zubewa, wallahi zuma da man shanu na dinga ba ta."

Zuma! Atine ta ji kamar ta kwaɗa masa kwalbar. A gabansa likita ya faɗa, dalla-dalla: allurar nan ba don abinci kaɗai ba ce, ita ke tsare ƙofar rumbun kitsen jiki. In babu ita, masu narka kitsen su hau aiki ba mai tsawata musu, ya malalo cikin jini ya tsamama shi. Ran nan Malam hadari yake leƙe ta taga, hankalinsa na gona.

Ummusalama na kwance a kan angarib, gadonta na igiya. Mace mai jiki, ga shi awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Numfashi take ja mai zurfi, bakinta na warin ruɓaɓɓiyar gwaiba.

"Yaya, ni ce, na dawo."

Atine ta zuƙi maganin, ta tsira mata a cinya.

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya Atine, ban..."

"Riƙe ma'alesh ɗinka! Nemo keken jaki, asibiti za mu!"

Ya fita a guje ba takalmi. Atine ta tallafe kan Ummusalama a cinyarta, tana zagin riɗi, tana zagin ƙafar da ta kai ta Doka. Kafin a ji kofaton jaki a ƙofar gida, numfashin ya tsaya.

Da la'asar, bayan an kai Ummusalama makwancinta, Atine ta ga kwalbar na nan ƙulle a gefen mayafinta. Ta durƙusa ta mayar da ita cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inda take zama don sanyi. Ruwa na ɗiga a kanta ɗaya-ɗaya.