Haruffa Biyu a Gaban Kalma

Su uku ne a ɗakin: Baba, mai gadi a kamfanin kwali, Inna, mai guga a gidan wanki, sai 'yarsu mai shekara tara, wadda suke kira Yaya tun ranar da aka yi mata ƙani. Auta ba ya tare da su. A wurin kaka aka bar shi da za su taso zuwa ƙasar waje, don takardunsa ba su fito ba. Suna da gado, da risho, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Abin da ba su da shi shi ne yaron, da kuma harshen mutanen garin.

Baba ya iya gaisuwa da "buɗe" da "rufe". Inna ba ta wuce "zafi" da "gobe" ba. Yaya ce kaɗai ke zuwa makaranta, inda Malama ke ba su kalma goma kowane mako, ta rubuta su a allo a tsanake, ba ta wuce ɗaya sai kowa ya kama. Wata biyu Yaya ta yi ba ta buɗe baki a aji ba. A na huɗu ta fara karanta allunan shaguna a hanya, a na shida har takardar magani ta karanta wa Inna. Daga nan Baba ya laƙa mata suna Sakatariya, yana cewa saura ya samo mata tebur da tabarau.

Wata Asabar da hantsi wasiƙa ta zo daga ofishin da suka kai takardun Auta. Inna ta goge hannu a zani, ta miƙa mata. Rubutun ƙanana ne, a cunkushe. Yaya ta bi layi da yatsa, kalmomin suna ta kuɓuce mata, har ta ga sunan ƙaninta. Kusa da shi akwai kalmar da ta sani sarai, irin wadda ake bugawa a takardar aron littafi: an yarda. Wasu haruffa biyu sun manne a gabanta, amma ta ɗauka ƙawa ce irin ta rubutun ofis.

"Sun yarda, Inna," ta ce. "Auta zai zo."

Inna ta zauna a ƙasa, ta sa aka nuna mata kalmar, ta taɓa ta da yatsa. Baba ya buga wa kaka waya, ya ce a fara haɗa kayan yaro. Sun wuni suna gardama kan tsawonsa: Inna ta ce ya kai kafaɗar Yaya, Baba ya ce ai gajarta irin ta danginta ya ɗauko.

Bayan mako biyu Malama ta shigo aji da hankici biyu. Ta ɗaga farin, ta rubuta kalmar da ke nufin mai tsabta. Ta ɗaga mai dauɗar, ta ƙara haruffa biyu a gaban kalmar da jan alli. Yara suka yi dariya. Ta bayyana musu a hankali cewa waɗannan biyun ba su da ma'ana su kaɗai, amma duk kalmar da suka shiga gabanta, juya ta suke yi.

Yaya ta daɗe tana kallon jan allin. Ta nemi izini, ta je allo, ta rubuta kalmarta yadda ta gan ta a wasiƙa, harafi bayan harafi, ba kuskure.

"Madalla," in ji Malama. "Wannan ai ta manyan aji ce. Tana nufin ba a yarda ba. A ina kika gan ta?"

"A jikin wata ƙofa."

Malama ta dafa kafaɗarta, ta ce wa 'yan aji su dubi yadda ake sa ido a karatu.

Da aka tashi, Yaya ta bi ta gidan wanki kamar kullum. Ta tsaya a bakin ƙofa, tururi yana bugun fuskarta. Inna na can ciki tana guga, tana nuna wa abokiyar aikinta tsawon yaro da hannu, matar tana gyaɗa kai.

Yaya ta gane cewa Auta ba zai zo ba, kuma duk gidansu ita kaɗai ta sani, babu kuma mai iya faɗa musu sai ita.